Tafiyata Shagari Da Tarwada Uku A Bokiti

Kafin in ba ku labarin tafiyar nan, bari in fara da abin da ya jawo ta, domin abu ne da nake so a ce ban aikata ba. Na hana kifi abinci kwana arba'in. Ba mantuwa na yi ba, ba kuma ciwo ne ya kwantar da ni ba. Ina zaune a gidana a Bodinga, da hankalina, da rabin buhun abincinsu jingine a zaure, na hana su. Wannan shi ne laifi na farko. Na biyu ya fi shi muni, domin sai da na koya wa wani.

Muna yara, idan fadama ta bushe da rani, mukan ɗauki fartanya mu tafi haƙar gaiwa. Ga wanda bai san ta ba, gaiwa kifi ce doguwa da ke nutsewa cikin laka idan ruwa ya janye, ta naɗe jikinta ta kwanta wata da watanni ba ta cin komai, har ruwa ya dawo. Na haƙo ta da hannuna ba sau ɗaya ba. To bayan na aje aikin masinja, sai na gina tankin bulo da siminti a bayan gida na zuba 'ya'yan tarwada ɗari uku. Zubin farko ya yi kyau. A zubi na biyu ne abincin kifi ya fara tsada, kullum na je Sakkwato sai in tarar an ƙara masa kuɗi. Wata rana ina tsaye bakin tanki sai gaiwa ta faɗo mini a rai. Na ce ai tarwada da gaiwa dangi ne: duka baƙaƙe, duka masu santsi, duka masu son laka. Abin da ƙanwa ta iya, yayarta ma za ta iya. Daga ranar na ɗaure bakin buhu.

Kwana goma sha tara da farawa na je suna a Shagari, an yi wa ɗan ƙanwata haihuwa. Tela ne, ni na riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, kuma tun da yake bai taɓa musa mini magana ba. Kekunan ɗinki biyu gare shi, ya sayar da ɗaya ya kafa tankin tamfol a tsakar gidansa, don ya ga ina kiwon kifi. A lokacin kifina ko ɗaya ban ga ya mutu ba. Bayan an ci an ƙoshi, muna zaune a inuwar ƙofar masallacin unguwarsu, sai na gyara zama na yi wa jama'a bayanin abin da na gano. Na ce masu sayar da abincin kifi wayo suke yi mana. Na ce kwana arba'in ba abinci shi ke ƙarfafa kifi. Sannan na juya wajen telan, a gaban kowa, na ce masa zuciyarsa za ta karaya, zai ji tausayi, amma ya daure. Na ce ko ni da kaina na buga masa waya na ce ya ba su abinci, kada ya yarda, gwada shi nake yi. Har yau ban san abin da ya sa na ƙara wannan ba. Ina jin daɗin yadda maganar ta fito ne kawai ya ɗebe ni.

Ranar da nawa suka cika arba'in na kira mai saye, muka rage ruwa. Cikin ɗari uku, waɗanda muka tarar ba su kai ɗari biyu ba, kuma ban taɓa tsintar gawa ba balle in ce ga inda sauran suka tafi. Waɗanda suka rage kuwa, kai kamar na muciya, jiki kamar igiyar guga. Mai saye ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya ce, "Baba, kawunan na gani. Ina kab bar jikunan?"

Bai ma fita zaure ba na buga wa telan waya, na ce maza ya ba kifinsa abinci. Ya yi dariya cikin ladabi ya ce, "Kawu, na san gwada ni kaka yi. Wallahi ban karaya ba." Sau uku ina bugawa, sau uku yana ba ni wannan amsa, a ta ƙarshe har da gode mini. Nasa sun yi sati uku ke nan. Na ga in ban je da ƙafata ba, keken yaron nan ya tafi a banza, kuma ni ne sila.

Mun tashi da asuba, ana sallame salla, ni da taubashina mai sayar da goro. Ban gayyace shi ba. Ya ji labari ne wurin iyalina, na fito na same shi tsaye a ƙofar gida da sabuwar hula. Ya ce, "Ni hwa ba taimako za ni ba. Shekara sittin ina jiran ranar da za ka buɗe baki ka ce ka yi kuskure. Ko a ƙasa za a tahi, sai na tahi." Na riƙo bokiti mai murfi da tarwada uku daga cikin nawa, don in nuna wa telan da idonsa.

A tashar Bodinga mun sha koko kafin mota ta cika. Ƙosai ya ba ni tausayi. Kuɗin da a da za a cika maka takarda, yanzu guda uku ake jefa maka, kowanne bai fi ƙwallon goruba da aka gama gwaguya ba. Kuɗin mota shi ma ya tashi, sai dai direba ya rantse mana cewa shi ma mai ne ke cinye shi. Ƙaramar mota ce, mutum huɗu a baya, biyu a gaba. Da ya ga bokiti sai ya tsaya.

"Baba, wanga fasinja na ko kaya?"

Na ce kaya ne. Ya ce to a sa a but. Na ce zafin but zai kashe su. Ya ce to fasinja ne ke nan. Taubashina ya sa baki ya ce ai waɗannan fasinjojin ba su da nauyi, shi ne shaida. Da ƙyar aka bar ni na matse bokitin tsakanin ƙafafuna. A damata taubashi, a haguna wani ɗan kasuwa da farar shadda mai sitaci, za shi ɗaurin aure. Can jikin ƙofa wani dattijon makiyayi ne da zai sauka ya nemi babur zuwa Horo Birni. A gaba kuma wani malamin allo da wata mata mai goyo.

Bazara ce, tun da hantsi zafi ya fara. Gonaki duk an share su, an jibge taki tsibi-tsibi ana jiran ruwa. Mun wuce raƙuma biyu ɗauke da kara, da jakuna da mangalolin taki, da wata babbar mota da aka loda wa buhunan albasa har ta karkace, warinta ya bi mu tafiya mai nisa. Hanyar ba laifi, amma akwai wuraren da kwalta ta ciccire. A ramin farko ruwan bokiti ya ɗaga murfi ya fantsama kan farar shadda. Ɗan kasuwa ya dai janye ƙafa. A rami na biyu ya ce, "Subhanallahi." A na uku ya ce, "Baba, don girman Allah mi ac ciki?"

Ban so buɗewa ba, taubashi ya buɗe. Duk motar aka leƙo, har direba ta madubi. Makiyayin ne ya fara magana, ya tambaya ko ciwo ne ya kama su. Kafin in haɗa amsa taubashina ya zayyane musu komai, tun daga gaiwa har zuwa wayar jiya, bai rage ko ɗigo ba, har ya ƙara abin da ban yi ba.

Makiyayi ya girgiza kai. Ya ce su ma da rani shanu na ramewa, amma ba wanda ke ɗaure saniya ya zuba mata ido, sai an nemo mata harawa ko dusa ko da za a sayar da akuya. Malamin da ke gaba bai juyo ba. Ya ce, "Alhaji, Allah bai ɗora ma kihi azumi ba. Mu da anka ɗora muna, talatin na, kuma kullum ana buɗa baki. Kai ka ba su arba'in, babu sahur babu buɗa baki." Matar mai goyo ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ɗan kasuwa ya manta da shaddarsa. Na kalli taga, na yi kamar ina ƙirga itatuwan gawo.

A Dandin Mahe mun tsaya matar ta sauka. 'Yan talla suka yanyame motar da mangwaro da dafaffen rogo. Mangwaron nan ƙanana ne masu zare, amma da zaƙi, kuma sun fi na Bodinga araha. Wata Bafulatana mai nono ta leƙo, taubashi ya nemi ya buɗe mata bokiti ita ma, na danne murfin da gwiwa.

Mun isa Shagari rana ta ɗan ɗaga. Niyyata mu wuce shagon telan kai tsaye, amma taubashi ya ce shi ba tarwada ba ne, kokon tasha bai riƙe shi ba, sai ya ci abinci. Kusa da inda motoci ke tsayawa akwai wata dattijuwa mai suyar kifi, da babban kasko da tire, a ƙarƙashin rumfar zana. Muka zauna kan bencinta. Ta ji motsi a bokiti ta ɗauka na sayarwa ne, ta ce in buɗe ta gani. Na buɗe. Ta sa hannu ta ɗago ɗaya, ta daɗe tana kallonta.

"Wa ya yi ma bayin Allah ga haka?"

Taubashi ya nuna ni da goron da ke hannunsa.

Ta tambaye ni kwana nawa, na faɗa mata. Ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi dariyar mota yi mini zafi. Ta ce in yarda ta yanka ɗaya ta nuna mini wani abu. Ta ɗauko tata daga cikin baho, tsawonsu ɗaya da tawa, ta kwantar da su gefe da gefe a kan katako ta farke cikin kowacce. Matar nan ba ta yi boko ba, amma ta ce tun tana budurwa take farke cikin kifi, kuma masu kiwo da yawa suna kawo mata. Ni da na yi shekara biyu ina kiwo, ban taɓa duba cikin kifi don in san abin da ke ciki ba. Wankewa ake yi a kawo mini a miya.

Ta fara da hanta. Ta tata babba ce, cike, ta rufe saman ciki. Tawa ta tsuke ta koma 'yar ƙarama, ta yi duhu. Ta ce kifi idan ya rasa abinci ba zama yake yi haka nan ba, cin kansa yake yi, kuma hanta yake fara taɓawa, nan ne ajiyarsa ta kusa. Sai ta ɗago hanjin tata, kitse ya lulluɓe shi fari tas. A tawa ko ɗigo babu. Ta ce in hanta ta yi ƙasa sai ya koma kan kitse, in kitse ya ƙare sai ya juya kan tsokar bayansa. Ta danna bayan tata da yatsa, nama ya tashi ya dawo. Ta danna tawa, yatsa ya lotsa, wurin ya jiƙe. Ta ce duk inda nama ya tafi ruwa ne ke maye gurbinsa, shi ya sa irin wannan kifi ko a sikeli ya ɗan yi nauyi, a kasko ba ya komai. Kai kuwa ƙashi ne, kifi bai iya cinye shi, don haka shi kaɗai ke tsayawa yadda yake.

Hanjin tawa ya sirance kamar zaren ɗinki, ta ja shi kaɗan ya tsinke. Ta ce hanjin da ba ya aiki lalacewa yake yi. Maɗaciya kuma, wadda a tata 'yar ƙarama ce, a tawa ta kumbura ta yi kore shar, domin ruwanta na narka abinci ne, ba abincin sai ya taru. Ta shafa fatar ta ce in ji, yauƙin ya ragu, ga gyambo a gefe da bai warke ba. Kifi mai yunwa, in ji ta, ba ya iya kare kansa daga ciwo, musamman a wannan zafi da ruwa ke ɗumi, jikinsu na ƙona abin da ke ciki da sauri.

Na tambaye ta, to sama da ɗari da suka ɓace fa, ba gawa ba komai?

"Alhaji, tarwada ta hwa. Babba shi ci ƙarami. Suna cikin 'yan'uwansu."

A nan na yi ƙarfin hali na kawo maganar gaiwa, a hankali, don in ji ko ina da sauran hujja. Ta aje wuƙa. Ta ce gaiwa barci take yi, ta rufe ƙofa ta kashe fitila, ba ta motsi, numfashinta ma da ƙyar. Haka Allah ya yi ta. Nawa kuwa suna cikin ruwa ido biyu, suna iyo dare da rana. Ta ce ko gaiwar ma ai ramewa take yi. Da ta faɗi haka sai na tuna, lalle waɗanda muke haƙowa gab da damina ramammu ne, uwayenmu har ƙorafi suke yi. Rabin labarin na riƙe shekara hamsin, na bar rabin da ba ya yi mini amfani.

Ta ce akwai hanin da ba ya cutarwa. Masu kawo mata kifi sukan tsayar da abinci yini ɗaya ko biyu kafin a ɗauko su, don cikinsu ya sauka kada su ɓata ruwa a hanya. Wannan dabara ce. Nawa kuwa ba ta san sunansa ba.

Da ta ji akwai wasu a nan garin da suka yi sati uku, sai ta ja mini kunne. Ta ce kada tausayi ya sa mu juye musu buhu. Hanjin da ya sirance bai iya ɗaukar kaya lokaci ɗaya, cikinsu zai kumbura su mutu, wanda ba su ci ba kuma ya ruɓe ya ɓata ruwa. A fara canza ruwa, a ware manya daga ƙanana, a ba su ɗan kaɗan safe da yamma, a riƙa ƙarawa a hankali. Ta sa na maimaita mata kamar ɗan makaranta.

Ta soya duka biyun. Tawa ta shiga mai tana tsatsa tana tofar da ruwa, ta fito rabin yadda ta shiga. Taubashi ya ja tata gabansa, ya turo mini tawa, ya ce kowa ya ci noman hannunsa. Na ci. Kamar tsumma ne da aka jiƙa aka barbaɗa wa yaji.

Shagon telan yana cikin kasuwa, layin masu ɗinki. Ya hango mu ya bar keke ya taso da gudu, ya durƙusa har ƙasa, ya karɓi bokitin daga hannuna bai san abin da ke ciki ba. Gefen da keke na biyu yake a da, yanzu tabarma ce da tulin yadi. Na ce mu je gida. A hanya yana ta ba ni labari da murna, wai matarsa ta yi kuka ta gaji, wai har ɓoye buhun abincin ya yi a shago don kada ta saci jiki ta ba su.

Tankin tamfol yana gindin bishiyar darbejiya. Na leƙa. Ba su kai nawa lalacewa ba, amma sun kama hanya. Wasu sun rataye a saman ruwa a tsaye, gashin baki a sama, wasu da cizo a wutsiya. Sai ga wata ƙatuwa ta taso daga ƙasa, sumul, ta ninka sauran sau uku. Telan ya nuna ta da alfahari.

"Kawu, dibi wagga! Ita tar riga sauran gane karatun. In sun cika arba'in duk haka za su koma, ko?"

Na ce ya kamo ta, ya kawo wuƙa. Na farke cikinta yadda na ga an yi ɗazu. Ƙanwarta na ciki, rabinta ya narke, kan yana nan. Matarsa, da ke tsaye bakin ƙofar ɗaki da jariri a kafaɗa, ta ce, "Na hwaɗa mai suna raguwa, Kawu. Ya ce idona na." Na buɗe bokiti na nuna masa biyun da suka rage. Na maimaita masa duk abin da mai suyar kifi ta nuna mini, hanta, kitse, hanji, maɗaciya. Ya saurara kai a ƙasa. Da na gama sai ya ɗago a hankali.

"Kawu, ka gahwarce ni. Amma kai kac ce ko kai da kanka..."

"Na ce a waya!"

"To ai na ga kamar wanga shi na babban gwajin."

Taubashi ya zauna kan turmi, ya riƙe ciki. Ni kuwa dariya ba ta zo mini ba. Na dubi yaron nan, mutum mai 'ya'ya huɗu, yana ganin kifi a cikin kifi da idonsa, amma maganata ta fi idonsa ƙarfi. Ni na raine shi a haka. Tun yana ƙarami ban taɓa barinsa ya ce mini don me ba, kuma ina alfahari da hakan a cikin mutane. Yau ga shi ina roƙonsa ya ƙi bin maganata, ya kasa.

Matar ce ta kawo mafita, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Kawu, gaban mutane kaɗ ɗaure shi. Can za ka kwance shi."

Aka kira azahar. Bayan an sallame, jama'a suka fito inuwar ƙofar masallaci, wurin da na yi wancan bayani, kuma rabinsu waɗanda suka ji shi ne. Na yi niyyar in ja mutum uku gefe in yi magana ƙasa-ƙasa. Taubashi ya tafa hannu ya ce, "Jama'a, kowa shi tsaya! Malamin kihi na Bodinga ya dawo da sabon karatu!" Har waɗanda suka sa takalmi suka cire suka zauna.

Na miƙe tsaye. Na ce abin da na faɗa musu ranar suna ƙarya ne, ba da niyya ba amma ƙarya ne. Na ce ban sani ba na yi kamar na sani. Na ɗago tarwada ɗaya daga bokiti na zagaya da ita, kowa ya gani. Na ce na cuci dabbobin da Allah ya ba ni amana, na kuma sa ɗana ya cuci nasa. Sannan na kira telan da sunansa na ce na janye maganata duka, har da ta gwaji, jama'a su shaida. Na roƙe shi gafara.

Wani tsoho ya ce shi dama tun ranar bai yarda ba, sai dai ya ga ni baƙo ne. Wani kafinta ya ce saura kaɗan ya gaya wa surukinsa da ke kiwo, Allah ya sa ya manta. Liman ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, aka shafa. Idon telan ya yi ja. Na juya in nemi taubashi in ga yadda yake murna, sai na same shi yana kallon ƙasa yana juya hularsa a hannu. Daga baya ya ce mini abin bai yi daɗin da ya zata ba.

Kafin in sa takalmi telan ya ɓace. Muka bi shi gida da sauri, muka tarar ya riga ya ɗauko buhu daga shago a kan babur, ya kwance baki, ya ɗaga shi bisa tankin zai juye. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na riƙe hannunsa na ce kada ya kuskura. Ya dube ni, ya dubi buhu, na ga tambayar a fuskarsa. Na ce wannan ba maganata ba ce, ta mai suyar kifin bakin tasha ce, in yana shakka ya je ya tambaye ta. Ya aje buhun nan take. Ban ji haushi ba.

Muka yini muna aiki. Muka rage ruwa muka zuba sabo, muka ware manya guda tara a baho. Da aka ƙirga, kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun tafi. Da la'asar ya watsa musu cikin tafin hannu biyu. Da yawa suka taso suna wawaso, ruwa na tafasa. Wasu kuwa suka tsaya a gefe, abinci na wucewa ta gaban bakinsu ba su ko juya ba. Waɗannan na san ba duka za su tashi ba. Sauran za su rayu, amma ba za su kai girman sayarwa a lokacin da ya tsara ba, keken da ya so ya mayar sai ya ƙara jira. Matarsa ta dama mana fura, ta ba ni da hannu biyu, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Mun kamo hanyar gida rana ta yi sanyi, bokiti wayam, domin na bar wa telan biyun ya yi jinyarsu a wani baho. A motar dawowa ba wanda ya san ni, na ji daɗin haka ƙwarai. Taubashi ya yi barci tun kafin mu fita gari, kansa a kafaɗata. Mun sauka Bodinga kafin magariba. Ban shiga ɗaki ba sai da na je bayan gida na watsa wa nawa ɗan kaɗan, na tsaya ina kallon waɗanda suka iya tasowa.

Tafiyar ba ta da nisa, amma na dawo da abin da ban tafi da shi ba. Na gane kifi da ke raye ba lalle yana lafiya ba, yana iya yin sati da satuttuka yana cin jikinsa kana tsaye kana cewa ka gano dabara. Na kuma gane furfura na sa a yarda da mutum ko bai san abin da yake faɗa ba, kuma wanda ya fi girmama ka shi kuskurenka ya fi cutarwa.

Don haka ina roƙon duk wanda ya karanta wannan, don Allah kada ya yi abin da na yi. In abincin kifi ya fi ƙarfinka, rage yawansu, sayar da wasu ka ciyar da saura, ko ka haƙura da kiwon sai ka samu hali. Kada ka ɗaure bakin buhu. In kuma wani tsoho ya gyara zama a ƙofar masallaci ya ce ya gano sabuwar hanyar kiwo, ku gaishe shi da ladabi, ku ba shi wuri mai inuwa, sannan ku ce ya kai ku gidansa ku leƙa tankinsa tukuna.